Yadda Ɗalibin Zane Mai Motsi Zai Ƙaru Ta Hanyar Taya Ɗan'uwansa Aiki

Fim ɗin katun na minti uku, wanda mai kallo zai gama kafin shayinsa ya huce, yana cin zane sama da dubu biyu. Lissafin ba wuya: ana haska firem 24, wato hotuna 24 a jere, a kowace daƙiƙa, akasarin masu zanen hannu kuma suna barin kowane zane ya zauna firem biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Daƙiƙa 180 sau 12, zane 2,160 ke nan, ba a ma zo maganar bango da launi da inuwa da sauti ba. Shi ya sa duk ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe da furojet na zane mai motsi a wuyansa yake neman wanda zai kama masa, ko ya faɗa ko ya yi shiru.

Kai da kake aji ɗaya ko biyu, a nan damarka take. Aikin aji yakan tsaya a ƙwallo mai tsalle ko mutum mai tafiya na 'yan daƙiƙoƙi, ba zai nuna maka yadda fim yake bi daga hannu zuwa hannu har ya kammalu ba. Kamfanonin animeshan na Najeriya kuwa mafi yawansu a Legas da Abuja suke. Wanda yake Zariya ko Kano ko Jos ko Maraɗi, sitidiyon da ya fi kusa da shi shi ne ɗakin wani ɗan ajin gaba da ke fama da fim ɗinsa cikin dare.

Fara da zaɓen aikin da zai ƙare

Ba kowane furojet ne ya cancanci lokacinka ba. Akwai mai ba ka labarin fim na minti talatin da dawakai da yaƙi da fadar sarki, alhali ko zanen fuskar jarumin bai tsayar ba. Irin wannan sai ka yi masa fatan alheri ka wuce. Nemi wanda fim ɗinsa gajere ne, minti ɗaya zuwa huɗu, mai mutum biyu ko uku a ciki. Gajarta ba ta rage wa fim daraja. Marigayi Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya zauna a Tawa shekaru masu yawa kuma ya rasu a 2015, da gajeren fim na kwaɗi, Bon Voyage Sim na 1966, ya shiga tarihin katun na Afirka.

Tambaya ɗaya ce za ta raba maka aya da tsakuwa: "Zan iya ganin animatik ɗin?" Animatik shi ne zanukan tsarin labari da aka jera su a bidiyo tare da murya, kowane da tsawon lokacinsa. Wanda ya nuna maka shi ya san yawan sin ɗinsa, wato sassan fim ɗin, ya san daƙiƙa nawa kowane zai ci, ya kuma san inda zai sa ka. Wanda ba shi da shi, zai yi ta sauya labari, zanen da ka kwana a kansa ya tashi a banza.

Yadda za ka gabatar da kanka

Kada ka je da "in akwai abin da zan taimaka, a faɗa mini." Mutumin da aiki ya sha wa kai ba shi da lokacin ƙirƙiro maka abin yi. Je da magana tsayayya: "Yaya, na ga animatik ɗinka. Ina iya cikon tsakani (cike zanukan da ke tsakanin manyan zanuka) da zuba launi a manhajar Krita, ina kuma da awa shida a mako, Asabar da Lahadi. Ba ni ɗan guntu ka gwada ni." Idan mace ce babba a gare ka, "Yaya" ko "Anti" ɗin da kuka saba ya wadatar, amma maganar ta zama a fili haka.

Ka faɗi awoyin da za ka iya da gaske, har ka ɗan rage. Sannan ka roƙi gwaji, misali daƙiƙa biyu na motsi mai sauƙi. Gwajin yana kare ku duka biyu: shi ya ga hannunka, kai kuma ka ga yadda yake ba da umarni da yadda yake karɓar aiki.

Ku daddale magana tun kafin fensir ya taɓa takarda

A nan ne zumunci yake yawan lalacewa, don mu kan ji kunyar yin ƙa'ida da aboki. Ku yi maganar nan, sannan ka rubuta ta a saƙo ka tura masa ya amsa da "haka ne." Wane aiki ne naka, a waɗanne sin? Yaushe za ka miƙa kowane? Yaya za a rubuta sunanka a jerin sunayen ƙarshen fim, kuma a ƙarƙashin wane aiki? Za ka iya sa guntayen da ka yi a faifan nuna gwanintarka, kuma daga yaushe? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin wasu bukukuwan fina-finai ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya bazu a intanet, ɗora guntu ɗaya a Instagram ba izini kan iya jawo masa matsala.

Kuɗi kuwa, a aikin ɗalibai galibi babu. To a faɗa a fili cewa babu, a kuma faɗi wanda zai sayi data da wanda zai biya kuɗin cajin kwamfuta ko man janareta. Idan akwai yiwuwar fim ɗin ya ci gasa ko wani ya saye shi, ku yi maganar tun yanzu da babu ko sisi a tsakani.

Abu ɗaya da ba na so ka yi wasa da shi: idan furojet ne da za a ba shi maki, dole malamin da ke duba shi ya san da taimakonka, ya kuma amince da iyakarsa. Tambayi mai aikin kai tsaye, "Malam ya sani?" Taimakon da aka ɓoye yana iya zama laifin maguɗi a kanku duka.

Karɓi kayan aiki cikakku

Kafin ka zana komai, ka tabbatar kana da takardar siffa ta kowane mutum a fim ɗin, mai nuna shi ta gaba da gefe da baya, da tsayinsa in an kwatanta da sauran. Ka karɓi jadawalin launuka da lambobinsu, ba a ce maka "shuɗi mai ɗan duhu" ba. Ka san girman hoton, wanda yawanci 1920 da 1080 ne, ka san ko firem 24 ake yi ko 25, ka san irin burushi da kaurin layin da yake amfani da su.

Manhaja ma ku daidaita. Krita da OpenToonz da Pencil2D da Blender duk kyauta ne, babu dalilin da zai sa ka cika kwamfutarka da manhajar sata mai ɗauke da cuta. Kada kuma wani ya raina maka su: fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025, da Blender aka yi shi. Sai dai ku yi aiki da fitowar manhaja iri ɗaya, domin fayil ɗin da aka adana a sabuwar Blender yakan zo da tangarɗa idan an buɗe shi a tsohuwa.

Sunan fayil kuwa, bi tsarinsa. In ba shi da tsari, ba da shawarar mai sauƙi: lambar sin, lambar ɗauka (guntun da ke cikin sin), irin aikin, sai lambar gyara, kamar sin03_d02_tsakani_01. Duk gyara sabuwar lamba. Kada ka taɓa adana aikinka a kan asalin fayil ɗinsa.

Cikon tsakani, inda ilimin yake

Yaron tela ba ya fara yanka shadda ranar da ya zo shago, da kalmasa da sa maɓalli yake farawa, amma a nan yake gane yadda aka haɗa rigar. Cikon tsakani haka yake. Mai fim zai zana manyan zanuka, wato wuraren da motsi ya fara da inda ya tsaya, kai kuma ka cike abin da ke tsakaninsu. Hayao Miyazaki na Japan da wannan aikin ya fara a kamfanin Toei a 1963. Kana bin layin wanda ya fi ka, kana ganin dalilin da ya sa ya ajiye kowane zane a inda ya ajiye shi.

Ga yadda za ka yi. Kunna fatar albasa, abin nan da ke nuna maka zanen baya da na gaba dishi-dishi a ƙarƙashin wanda kake yi. Kafin ka ja layi ko ɗaya, yi ta juya manyan zanukan gaba da baya har idonka ya ga motsin. Sannan duba ɗan tsanin lokaci da mai zanen ya rubuta a gefe. A ce manyan zanuka suna firem na 1 da na 9, kai za ka yi 3 da 5 da 7. Idan ya raba tsanin daidai-wa-daida, motsin zai tafi da gudu ɗaya. Idan kuma yana so hannu ya sauka a hankali a kan 9, zai nuna maka ka sa 3 a rabin hanya tsakanin 1 da 9, ka sa 5 a rabi tsakanin 3 da 9, ka sa 7 a rabi tsakanin 5 da 9. Tazarar tana raguwa, motsin yana lafawa. Idan bai rubuta tsanin ba, tambaye shi, kada ka yi ƙiyasi. A wannan 'yar tazarar ne nauyin jiki da halin mutum suke fitowa.

Kuskuren da kusan kowane sabon hannu yake yi shi ne neman tsakiya a miƙe. Ɗauki yarinya tana ɗaga hannu daga gefenta zuwa sama don ta karɓi kwano. A zane na 1 hannun yana ƙasa, a na 9 yana sama. Idan ka ɗora tafin hannun a tsakiyar miƙaƙƙen layin da ya haɗa wuraren biyu, hannun zai gajarce a tsakiyar motsi sannan ya sake tsawo, mai kallo ya ji wani abu ba daidai ba ko da bai san mene ne ba. Hannu a kafaɗa yake rataye, don haka baka yake yi in yana tashi. Buɗe wata leya ta wucin gadi, wato wata shimfiɗar zane a saman wadda kake aiki a kai, ja wannan bakan da jan layi, sa ɗigo a inda wuyan hannu zai kasance a kowane firem, sannan ka zana. Haka kai in yana juyawa, yakan ɗan sunkuya a tsakiya. Haka ƙafa, haka jelar doki.

Abu na biyu shi ne kiyaye girma. Kai ba ya kumbura ya motse daga firem zuwa firem sai in da gangan aka yi. Fara da manyan siffofi, ƙwallon kai da gangar jiki, kunna ka gani, sai daga baya ka sa ido da yatsu. Wanda ya fara da gashin ido zai goge shi.

Na uku ya fi wuya ga mai iya zane: hannunka ya ɓace. Wataƙila kana ganin yadda kake zana hanci ya fi nasa kyau, wataƙila ma gaskiyarka ce. Amma fim ɗinsa ne, kuma in mai kallo ya iya gane firem ɗinka daga nasa, aikin bai yi ba. Iya zana da hannun wani shi ne ainihin abin da kamfani zai nema a wurinka gobe.

Tufafinmu da wahalarsu

Darussan da ke YouTube galibi da mutum mai riga da wando matsattsu suke koyarwa. Fim ɗin ɗan'uwanka kuwa wataƙila akwai dattijo da babbar riga ko yarinya da dogon hijabi, kuma yadi ba ya tsayawa lokacin da jiki ya tsaya. Mutum ya ja birki, rigar ta ɗan wuce shi, ta dawo, sannan ta kwanta, bayan jiki da 'yan firem. Hanya mafi kyau ita ce ka sa wani ya sanya rigar, ka ɗauke shi da waya yana tafiya yana juyawa yana saɓa hannun riga a kafaɗa, ka kalla firem bayan firem. Zana jikin da ke ƙarƙashin rigar tukuna da layi mara nauyi, sannan ka yafa masa yadin.

Aikin hula da na wuyan riga kuwa, in aka ce za a sake zana kowane zare a kowane firem, zai yi ta rawa a fuskar allo, kai kuma ka gaji a banza. Ku zauna da mai fim ku rage adon zuwa siffa biyu ko uku da za a iya maimaitawa.

Wajen zuba launi, rufe duk wata kafa a layi kafin ka zuba, sa launi a leyarsa daban a ƙarƙashin layi, ka kuma saita abin zubawar ya ɗan shige ƙarƙashin layin da ɗigo ɗaya ko biyu don kada farin zare ya fito a gefe. Gwada da bango mai duhu ka gani.

Idan an ba ka motsin baki

Saurari muryar sau da yawa, ka rubuta firem ɗin da kowace gaɓa ta faɗo. Fara da wuraren da leɓe yake rufewa, wato m da b da ɓ, ka bar bakin a rufe aƙalla firem biyu don ido ya kama. Ka lura da cewa jadawalin baki da ake samu a intanet don masu Turanci aka yi shi, inda f take fita da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Bahaushe da leɓɓansa biyu yake furta ta. Ce "fura" ko "fara" a gaban madubi ka ga bakinka, shi za ka zana. Dogon wasali kuma a ba shi lokacinsa, kada a yi ta buɗe baki da rufewa ga kowane harafi.

Miƙa aiki da karɓar gyara

Kada ka ɓace mako biyu sannan ka dawo da sin guda a kammale. Yi daƙiƙa ɗaya a zanen farko mara tsafta, fitar da ɗan bidiyo, tura masa. In akwai kuskure a fahimtarka, gara a gano shi a zane goma da a gano shi a ɗari. In ta WhatsApp za ka tura hoto ko bidiyo, tura shi a matsayin fayil, domin in ka tura kai tsaye manhajar tana matse shi, layi ya dushe, launi ya sauya. Asalin fayilolin kuma su zauna a folda ɗaya ta Google Drive, wanda yake ba da gigabait 15 kyauta.

Zai ce ka gyara, wani lokaci ma ka sake daga farko. Rubuta abin da ya ce da lambar firem. In ya ce "bai yi rai ba," tambaye shi: sauri ne ya yi yawa, ko tazarar ce, ko siffar? Mafi amfani, roƙe shi ya zana gyaran a kan zanenka da jan layi, ka adana waɗannan jajayen layukan a folda ta musamman. Ni a ganina sun fi kowane darasin bidiyo amfani, domin kuskurenka ne na kanka aka nuna maka maganinsa.

In kana da shawara, faɗe ta sau ɗaya, kai da shi, ba a gaban jama'a ba. Ya ɗauka, madalla. Bai ɗauka ba, yi yadda ya ce.

Wuta da ajiya

Mun san halin wutarmu. Sa yatsanka ya saba da adana aiki bayan kowane zane, ka kunna adanawa ta kai-da-kai a manhajar. Kwafi uku nake ba da shawara: a kwamfuta, a filash, a intanet. Idan aka ba ka aikin renda a Blender, wato sa kwamfuta ta fitar da hotunan ƙarshe, fitar da shi a jerin hotunan PNG, kada ka fitar da bidiyo kai tsaye. In aka ɗauke wuta a firem na 300, sai ka ci gaba daga 301, amma bidiyon da ya yanke a tsakiya sau da yawa ba ya buɗuwa. Kafin ka mayar masa da fayil ɗin Blender, tattara hotunan da ka yi amfani da su a cikinsa, in ba haka ba zai buɗe ya tarar da komai ya koma ruwan hoda.

Ranar da ka ga ba za ka iya cikawa ba

Jarabawa za ta zo, ko rashin lafiya, ko wani uzuri daga gida. Faɗa da wuri, ka miƙa abin da ka yi yadda yake, da bayanin inda ka tsaya. "Yaya, ba zan iya gama sin na biyar kafin Juma'a ba, ga rabin da na yi, ka ba wani sauran" magana ce da za a fahimta. Kashe waya ana saura kwana uku a miƙa furojet kuwa ba a manta shi, kuma masu wannan sana'a ba su da yawa, kowa ya san kowa. Haka nan in ka ga aikin yana cin karatunka, ko an fara ɗora maka abin da ba ku yi da shi ba, koma kan saƙon nan da kuka rubuta, ka yi magana cikin ladabi.

Bayan fim ya fita

Tun ana cikin aiki ka roƙi a bar ka ka zauna ranar haɗawa, lokacin da ake ɗora mutane a kan bango, a sa inuwa, a jera sin da sauti. A nan za ka ga abin da ya sa aka nace maka kan sunan fayil da raba leya. Ka kuma roƙi, in ya gamsu da hannunka, ya ba ka ɗauka ɗaya ƙarama ka yi manyan zanukanta da kanka, ko da mutum ne yana juya kai ko yana miƙa gaisuwa.

Da zarar lokacin da kuka yi alkawari ya yi, karɓi guntayenka masu inganci ka haɗa faifan da bai wuce minti ɗaya ba, mafi kyawun aikinka a farko. A ƙasan kowane guntu rubuta sunan fim, sunan mai shi, da abin da kai ka yi: "cikon tsakani da launi," ko "motsin baki kaɗai." Kada ka bari a zaci kai ka yi bango ko manyan zanuka in ba kai ba ne, domin wanda zai ɗauke ka aiki ko SIWES (horon aiki na ɗalibai) yana iya ba ka fensir ya ce ka maimaita a gabansa. In da hali, nuna zanen farko mara tsafta a gefen wanda aka kammala, masu sana'ar sun fi son ganin wannan. Sannan ka nemi mai fim ɗin ya rubuta maka layi uku ko huɗu kan aikin da ka yi da yadda ka cika lokaci, tun abin yana sabo a ransa, kafin ya tafi bautar ƙasa lambarsa ta sauya.